Darasi na 9: Inda mai son barin giya zai samu abokan tafiya

Mai shan giya a garuruwanmu a ɓoye yake sha, idan kuma ya tashi bari a ɓoye yake son ya bari, toh anan ne ake samun matsala. Zai yi rantsuwa ranar Juma'a, kafin Talata abokan mashaya sun kira shi a waya, ba wanda zai faɗa wa cewa ransa na biyawa, sai ya koma. Burkutu ce ko ogogoro ko 'yar ledan nan mai arha, duk hanyar ɗaya ce. Abin da yake buƙata shi ne mutanen da suka sha suka bari, waɗanda ba sai ya yi musu dogon bayani ba.

Amma kafin maganar ƙungiya, dan Allah a riƙe wannan. Wanda ya daɗe yana sha kullum, wanda in gari ya waye hannunsa ke karkarwa sai ya kurɓa sannan ya daidaita, kada ya yanke shan lokaci guda shi kaɗai a ɗaki. Cikin awa 6 zuwa 24 zufa da amai da makyarkyata kan fara, wani ya yi jijjiga kamar mai farfaɗiya, wani kuma wajen kwana na 2 ko na 3 ya ruɗe ya fara gane-gane, kuma wannan yana iya kisa. Ba aljanu ba ne, jiki ne ya saba. Asibiti za a fara zuwa, akwai maganin da likita ke bayarwa na 'yan kwanaki a wuce wannan gaɓar lafiya.

Kuma a asibitin ne ma neman abokan tafiyar ya fi sauƙi. Asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da na Dawanau a Kano, suna ganin masu matsalar shaye-shaye. Ba sai ka haukace ake zuwa can ba. Ka tambayi likita ko nas kai tsaye: akwai zaman da waɗanda suka daina sha ke yi, wace rana, ƙarfe nawa? Ofisoshin NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, na jihohi ma suna da sashen ba da shawara. Limami ko fasto da ka yarda da bakinsa, shi ma ƙila ya san wani da ya bari, mutum ɗaya ɗin nan ya isa ya buɗe maka ƙofa.

Akwai wata tsohuwar ƙungiya da ake kira AA (Alcoholics Anonymous), ta masu son barin giya, mutum biyu ne suka fara ta a garin Akron na Amurka a 1935, Bill Wilson da wani likita Bob Smith, dukkansu giya ta wahalar da su, sai suka lura in sun zauna sun yi hira da juna ranar takan wuce ba su sha ba. Yanzu ta bazu a duniya. Ba a biyan kuɗin shiga, sharaɗi ɗaya ne, kana son ka daina. Sunan farko kawai ake faɗa, kuma alkawarin da mutum ke ɗauka na yau ne kaɗai, gobe in ta zo a sake. A Najeriya an fi samun zamansu a manyan birane irin Legas da Abuja, suna kuma yi ta intanet, yawanci da Turanci. Iyalan mashayi su ma suna da tasu, Al-Anon.

Ranar farko ba dole ka yi magana ba, zauna ka saurara. Ka lura: ana rufa wa juna asiri? Ana barin mutum ya gama maganarsa? Wanda ya zame ya sake sha, ana karɓarsa ko kunyata shi ake? In an ce kawo kuɗi masu yawa, ko a sayar maka da wani haɗin magani, ko a ce ka watsar da maganin likita, tashi ka tafi. Gidan mari kuwa da ake sa wa mutum sarƙa ana duka, wallahi ba wurin warkewa ba ne, a 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, da yawa da tabo a jiki. Ni dai ina roƙon iyaye su daina kai 'ya'yansu can.

In garinku babu ƙungiyar masu barin giya ko ɗaya, ku biyu ko uku kun isa. Ku tsayar da rana ɗaya a sati, wuri mai sirri nesa da mashaya, a dafa shayi, kowa ya faɗi yadda satinsa ya kasance, ku karɓi lambar juna saboda dare. Mata su samu nasu zaman daban, don kunyar da ake ɗora musu ta ninka ta maza.

Aikin gida: rubuta sunan asibitin da ya fi kusa da kai da kuɗin motar zuwa. A ƙasa ka rubuta tambayar da za ka yi wa nas, ka karanta ta da ƙarfi sau biyu, sai ka zo da littafinka aji na gaba.