Yadda ake faɗin sunan Arceus na cikin Pokémon ba tare da harshe ya sarƙe ba

Ɗan yayata ne ya sa na zauna rubuta wannan abin. Yaro ne mai son gem sosai, ranar nan ina zaune a falo yana gefe da waya a hannu da abin sauraro a kunne suna hira da wasu yara 'yan ƙasar waje da suke buga Pokémon tare, sai na ji ya ce "Arceyus", da c irin tamu ta cinya da ciyawa, can ɓangaren kuma sai dariya ta ɓarke har ni da ke nesa ina jiyowa. Yaron nan ya yi tsit, ya kashe makirfon, har aka gama wasan bai ƙara cewa uffan ba. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don ba laifinsa ba ne, yadda aka koya masa karatun boko haka ya karanta, a Hausa c ai c ce.

To bari mu warware shi a hankali.

Ga wanda bai san shi ba, Arceus wata halitta ce fara mai ƙafa huɗu, ka ce barewa ko doki, da wani zobe ruwan zinare da ya zagaye kugunta. Ta fara fitowa a gem ɗin Pokémon Diamond da Pearl, wanda ya fita a Japan a 2006, Amurka kuma 2007, lambarta 493 a jerin halittun. A tatsuniyar gem ɗin an ba ta matsayi babba, amma wannan tatsuniya ce ta masu ƙirƙira, ni sunan kawai ya kawo ni. Kuma sunan ya ƙara yawo a bakin mutane tun da aka saki gem ɗin Pokémon Legends: Arceus a na'urar buga gem ta Nintendo Switch ranar 28 ga Janairun 2022.

Faɗin da kamfanin Pokémon ya tsaya a kai a Turanci shi ne Arkiyas. Gaɓa uku: Ar, ki, yas.

Fara da "ar" irin ta farkon arziki, ka ɗan ja ta kuma nan za ka sa ƙarfin muryarka, don a Turanci gaɓa ɗaya ce ke ɗaukar nauyin kalma sauran su bi ta a baya da sauƙi. Sai "ki", k ɗin nan ta yau da kullum ta kifi da kitso, ba ƙ mai lanƙwasa ba, kar ka matse maƙogwaro. Sai "yas" a gajarce, kar ka ja ta. Dabarar da na ba yaron ita ce ya tuna sunan Iliyas, ba Iliyasu ba, Iliyas ɗin nan da ake yanke shi a kan s. Ka ce Iliyas sau uku, sai ka cire "Ili" ka sa "Arki", shikenan ka iso. Abin da kawai za ka kula da shi shi ne muryar ta fara a sama ta gangaro, AR-ki-yas, kamar mai saukowa daga matattakala, kar ka ɗaga ta a ƙarshe kamar mai tambaya. Ita r ɗin kuma kar ta dame ka, Ba'amurke yana naɗe harshe, Bature ɗan Ingila ma kusan haɗiye ta yake, kai ka yi taka ta Hausa a taƙaice babu wanda zai kasa gane ka.

Yanzu inda rigimar take. Za ka ji mutane da yawa, har da Turawan kansu, suna cewa Arsiyas da s, kuma gaskiya ba da ka suka yi ba. A ƙa'idar rubutun Turanci idan c ta zo kafin e ko i yawanci s ake karanta ta, kuma akwai wani gem na na'urar Wii mai suna Pokémon Battle Revolution inda mai sharhin wasan da s ɗin yake faɗa. Daga baya da fim ɗin Pokémon na 2009 ya fito a Turanci sai aka ji Arkiyas da k, aka kuma ci gaba da haka. Dalilin da aka bayar daga ɓangaren masu ɗora murya shi ne idan aka faɗe shi da s, farkon sunan yana kama da wata kalmar rashin kunya da 'yan Ingila ke kiran mazaunai da ita, abu kuma na yara ne, sai aka kauce. Ni dai wannan dalilin ya gamsar da ni, mu ma ai muna yin haka, suna in ya yi kama da batsa a wani gari sai a ɗan karkata shi.

Akwai ma wata shaida da nake so ƙwarai a cikin gem ɗin kansa. A Pokémon Sun da Moon na 2016 an kawo wata halitta Silvally wadda a labarin mutane ne suka ƙera ta suna kwaikwayon Arceus, sai aka sa wa baiwarta suna RKS System. Karanta haruffan nan uku da sunansu na Turanci da sauri: ar, kei, es. Ka ji? Arkiyas ɗin ne suka ɓoye a ciki. In wani ya ja da kai, wannan kaɗai ka nuna masa.

Amma fa kar ka je kana yi wa mai cewa Arsiyas dariya, don in aka koma asali yana da gaskiyarsa. Gem ɗin na Japan ne, kamfanin Game Freak ke yin sa tun na farko a 1996, kuma a Japananci sunan Aruseusu ne, da s. A nan ne abin ya fi min daɗi, saboda bakin Bahaushe ya fi dacewa da Japananci nesa ba kusa ba a kan Turanci. Su ma kamar mu ba sa son baƙi biyu su haɗu babu wasali a tsakani, shi ya sa suke cusa u, yadda muka mai da kalmomin aro suka zama burodi da asibiti, yadda Iliyas ya zama Iliyasu. Wasulansu biyar ne, a i u e o, daidai da namu, suna da dogo da gajere kamar mu, r ɗinsu ma harshe ne ke ɗan taɓa dasashi ya sauka. Don haka karanta shi kawai yadda za ka karanta Hausa: A-ru-se-u-su, gaɓa biyar, kowacce da tsawonta daidai, babu wadda ta danne wata, sai dai u ta ƙarshe ka sassauta ta kamar raɗa. Yaron nan a karo ɗaya ya faɗe shi daidai, alhali na Turancin sai da muka maimaita.

Kenan in da masu Turanci kake hira ka ce Arkiyas, in kana kallon na Japan za ka ji Aruseusu. Wanda babu shi a Turanci ko Japananci shi ne na c ɗinmu.

Me ya sa ma ake ta wannan ruɗanin? Saboda a manyan gem ɗin Pokémon babu muryar mutane, rubutu ne kawai ke fitowa a ƙasan allo, halittun kuma kuka suke yi, to sai mutum ya shekara goma yana karanta suna a zuci bai taɓa jin wani ya furta ba, kowa ya gina nasa faɗin da ƙa'idar harshen da ya tashi da shi.

Tunda an zo nan bari in haɗa da wasu guda uku da sauri. Rayquaza, koren macijin nan na sararin sama mai lamba 384, Rei-kwei-za ake cewa, nauyin a tsakiya, "kw" irin ta kwano, ba Rayakwaza ba. Pikachu kuma nan ne c ɗinmu ta yi rana, Pi-ka-cu, sai dai ka haɗe leɓɓa sosai ka sake su da iska don p ta fito kar ta zame ta koma f. Shi kansa Pokémon, wannan ɗan karan da ke kan e yana nuna a furta ta ne, "ke" irin ta keke, don an gutsuro sunan daga Poketto Monsuta, wato dodannin aljihu.

In ka ci karo da sabon suna da ba ka da tabbas, hanyar da nake bi mai sauƙi ce. Nemi tallan gem ɗin ko zanen katun ɗin a tashar Pokémon ta hukuma a YouTube, ka rage gudun bidiyon zuwa 0.75 ko 0.5, ka saurari wajen sau uku, sannan ka rubuta abin da kunnenka ya ji da haruffan Hausa a takarda, ba abin da idonka ya gani a allo ba, wannan matakin shi ne mafi muhimmanci don ido ne ke yaudarar mu. Daga nan ka ɗauki muryarka a waya ka kunna ka gwada da tasu.

Haka muka yi da ɗan yayata a daren, ya rubuta ARKIYAS da biro a bayan littafinsa na lissafi, ya ɗauki murya har sau shida yana gogewa, na bakwai ya miƙo min wayar ya ce "Kawu ji wannan." Washegari da yamma na jiyo shi daga ɗaki ya kunna makirfon yana musu da su a kan Rayquaza.