Kurakuran da aka fi yi wajen adana takardun girki a gida

A gidaje da yawa na Damagaram, daga Birni har Zango da Sabon Gari, idan aka ɗaga katifa ko aka buɗe kwallar da ke can ƙasan jere, za a tarar da baƙar leda cike da takardu: yankin jarida, bayan kwalin fulawa, shafin kalanda, guntun kaye da wata gwaggo ta sa aka rubuta yadda take alkaki ranar wani biki. Uwargida ta san duk suna nan. Amma ranar jajibirin Sallah, da ta zo neman ta gato, sai a zazzage ledar a tabarma, a yi rabin sa'a ana bincike, a ƙarshe a samo ta mai ya ci rabin rubutun. Yawancin wannan wahala daga ƴan kurakurai kaɗan take fitowa.

Tun daga almakashi

Kafin ki yanka, juya shafin. Jarida da mujalla sukan sa kayan haɗi a gefe ɗaya, yadda ake yi kuma a wani shafi, sai a yanko rabi a jefar da rabi. Ki bar gefe kamar faɗin yatsa biyu, ki rubuta a kai inda kika samo ta, da shekara, da yawan mutanen da girkin zai ciyar. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, alhali girkin mujallar Faransa na mutum 4 ne ko 6, gidanki kuwa wataƙila baki 15 ne.

Awo: nan ne ake yin babbar asara

Takarda na iya zama fes, ba datti ba yagewa, amma ba ta da amfani saboda awon da ke cikinta ba na gidanki ba ne. Takardun da ke yawo a garin nan iri uku ne: masu Faransanci da ke auna gram, masu Turanci ko Hausa da ke shigowa daga Kano da ke cewa kofi da mudu, da na hannu da ke cewa tiya, gwangwani, ludayi. Kuskuren shi ne a ajiye su haka nan, a ce ranar girki a lissafa. Ranar girki ga yaro na kuka ga mai a wuta, babu mai lissafi.

Ɗauki kofi. A girkin Amurka kofi ɗaya mililita 240 ne, wato fulawa kimanin gram 120 zuwa 125, sukari kuma gram 200. Ɗan kofin shayinmu bai kai rabin wannan ba, kofin roba na shan ruwa kuma ya fi na Amurkan. Gwangwani ma haka: ƙaramin na tumatir mai gram 70 daban, na madara daban, babban na tumatir daban. Idan takarda ta ce "sukari gwangwani 2" ba ta faɗi wanne ba, ki koma wurin wadda ta ba ki tun tana tunawa. Tiya ta gero akan ƙiyasta ta kilo 2 da rabi, amma ta danganta da tozon da mai awo ya yi, kuma kada ki ɗauka mudun da aka rubuta a Kano daidai yake da tiyar da aka auna miki a kasuwar Dole.

Sai cokali. A Faransanci "c. à s." babban cokali ne, mililita 15, "c. à c." ƙarami ne, mililita 5. A Turanci tbsp babba, tsp ƙarami. Harafi ɗaya ya goge, kin ninka gishiri ko bakin hoda sau uku, ko kin zuba kashi ɗaya cikin uku kawai. Haka kalmar levure: chimique ita ce hodar da ake zubawa a gato a gasa nan take, ƙaramar ledarta gram 11 ta isa fulawa rabin kilo, boulangère kuwa yis ne, sai an bar ƙullu ya tashi. An sha yanke kalma ta biyu da almakashi, a bar levure kawai. Wutar oben: "th. 6" na nufin digiri 180, ki riƙa ninka lambar da 30. Idan kika ga 350 a takardar Turanci, ma'aunin Amurka ne, shi ma wajen 180 ne a namu.

Gyaran abu ɗaya ne. Ki zaɓi gwangwani guda da cokali guda, ki ɗaura musu zare ko ki yi musu alama, su zama ma'aunin gida. Duk takardar da ta shigo, ki gwada ta sau ɗaya da rabin awo, sannan ki rubuta a gefe da hannunki: fulawa gwangwaninmu kaza, sukari an rage ɗaya, ya yi zaƙi da yawa. Ga abin da ke tashi, irin su waina da fankasau da alkaki, ki haɗa da watan da kika gwada. Ƙullun da ya kwana bai gama tashi ba a sanyin Janairu, a zafin Afrilu kafin la'asar ya yi tsami. Takardar da ta ce "a bar shi awa 6" ba ta yi ƙarya ba, ba ta dai san Damagaram ba.

Abin mannewa da abin rubutu

Salatif maƙiyin takarda ne a ƙasar zafi. Gam ɗinsa yakan narke ya ratsa takardar, ya bar tabo ruwan ƙasa a kan rubutun, daga baya ledar ta ɓare ta faɗi. Fil da ƙusar sitefula sukan yi tsatsa da damina su huda wurin. Mafi muni shi ne a dama fulawa ko garin rogo a manna da shi: kin dafa wa kyankyaso da ƙwarin takarda abinci. Ki yi amfani da gam na sanda irin na ƴan makaranta, ɗigo huɗu a kusurwa huɗu, a kan farar takarda mai ɗan kauri. Idan bayan yankin ma akwai rubutun da ake so, kada ki manna, ki yi fotokofin bayan.

Takardar jarida kanta ba a yi ta don ta daɗe ba. Haske da zafi kan mayar da ita rawaya, ta bushe, ta riƙa karyewa a wurin ninki. Wadda kike ji da ita, ki yi mata fotokofi tun tana karantuwa. Bayan rasit na shago kuwa, irin mai santsi da inji ke fitarwa, ba wurin rubuta girki ba ne: zafi yana baƙanta shi, idan aka kai shi injin da ke like takarda da leda sai ya fito baƙi ƙirin.

Wajen rubutu, bik ko fensir. Alƙalami mai tawadar ruwa, jiƙaƙƙen yatsa ɗaya ya ishe shi.

Inda ake ajiyewa

Madafa ita ce wurin da ake buƙatar takardar, ita ce kuma wurin da ke kashe ta: hayaƙin ice, tururi, fantsalin mai, hannu mai ƙullu. Don haka a raba. Ta asali ta zauna a ɗaki, wadda ke zuwa madafa kwafi ne, cikin farar ledar takardu mai girman A4, bakin ledar yana kallon ƙasa idan an rataye ta a ƙusa, don kada ƙura da mai su shiga. A rataye ta daidai ido, nesa da murhu kamar taku biyu. Akwai wata leda mai kauri da taushi, mai warin roba, wadda baƙin fotokofi ke manne mata idan zafi ya yi yawa, ki zaro takarda ki ga rubutun ya koma jikin ledar. Ki nemi marar kauri mai ɗan ƙara idan an taɓa ta.

A ɗaki kuma, gara ba ta sallama. Kwali a ƙasa, jingine da bangon ƙasa, gayyata ce. Ki sa takardun a akwatin ƙarfe mai murfi, ki ɗora shi kan bulo biyu, ki bar tazarar tafin hannu tsakaninsa da bango, ta yadda za ki ga hanyar gara idan ta fara gini. Ƙarƙashin katifa ma ba wuri ba ne, ga gumi ga fitsarin yara. Kada ki ƙulle takarda a leda ranar da aka yi ruwa, danshin zai zauna ciki ya yi fumfuna. Sau biyu a shekara ki buɗe akwatin: a watan Mayu kafin ruwa ya sauka, da Oktoba bayan ya ɗauke. Ki kakkaɓe, ki sha musu iska a inuwa, ba a rana ba. Wasu na sa busasshen ganyen dogon yaro a ƙasan akwati saboda ƙwari, ba laifi, in dai ya bushe sarai. Kafur kuwa warinsa na bin takarda har madafa.

Tsari

Wasu ba su rarraba komai, wasu kuma sukan yi kashi 20 har su rasa inda za su sa dambun zogale. Kashi 5 ko 6 sun isa: miya, tuwo da shinkafa da dambu, nama da kifi, kayan fulawa da soye-soye, abin sha, sai kayan biki da Sallah irin su alkaki, nakiya da dubulan. Fayil mai zobe ya fi kaye, don ana ƙara shafi a tsakiya. Idan kaye ne a hannu, ki ɗauki mai shafi 200, ki sa wa kowane shafi lamba, ki bar 4 na farko don jerin sunaye. Girki ɗaya, shafi ɗaya, ko da wuri ya rage, nan za ki rubuta gyare-gyare.

Kada wadda ba a gwada ba ta shiga fayil. Ki ware mata ambulan guda. Abin da ya shekara a ambulan ba ki waiwaye shi ba, ki ba wata ko ki kunna wuta da shi.

Aro da waya

Maƙwabciya ta aiko yarinya, "wai in ji Maman Hadiza ki ba ta takardar gato," sai a zaro ta asali a miƙa. Daga nan ta wuce gidan biki, ba ta dawowa. Ki ce yarinyar ta zo da kaye ta kwafa, ko ki ɗauki hoto ki tura.

Hoton waya na da amfani, amma waya na faɗawa ruwa, ana sace ta, yara na goge abu don su sami wurin wasa. Saƙon murya ya fi saurin ɓata: Hajiya ta yi minti 7 tana bayanin nakiya, bayan wata uku saƙo ɗari biyar sun binne shi. Ki saurara da bik a hannu a ranar, ki tsayar da ita duk inda ta ce "ki zuba daidai misali", ki tambaye ta da wane ludayi, sau nawa, sannan ki karanta mata abin da kika rubuta ta gyara.