Yadda ake tsintar kaya masu kyau a gwanjo

Da farko ki tambayi mai shago ranar da yake fasa sabuwar dila, wato babban ƙunshin kayan gwanjo, ki yi sammako ranar, don in kin bari rana ta yi to saura kawai za ki tarar. A Kano ni dai Ƙofar Wambai nake so.

Na biyu, kar ki duba kaya cikin rumfa, fito da shi haske ki ɗaga, ki duba hammata da wuya da zif da maɓallai, ki juya cikinsa ki ga ɗinkin, tabon bilic ba ya fita komai wanki, amma maɓalli ɗaya da ya ɓalle ai tela zai gyara, hasali ma da shi za ki nemi ragi.

Sai ciniki. Kar ki nuna kin mutu a kan rigar! Taya rabin abin da ya faɗa, in ya ce albarka ki ɗan ƙara, in ya ƙi ki juya, yawanci zai kira ki.

Kina isa gida ki jiƙa da ruwan ɗumi da Dettol, ki wanke, ki shanya a rana sannan guga. Suwaita kam ruwan sanyi, zafi na sa ta tsuke.