Yadda za ka bi kadin kuɗin da banki ya cire maka ba bisa ƙa'ida ba

Ranar aiki, idan ka shiga Gumel ko Haɗeja, je reshen bankinka da katin shaida ka karɓi takardar bayanan asusu ta wata shida. Mai POS ba ya iya mayar maka da ko sisi.

Bi takardar layi-layi. Asusun ajiya na sabin ba a cire masa kuɗin kula da asusu; ka ga an cire, ja layi a ƙarƙashi. Naira 50 ɗin da ake cirewa kan tura kuɗi kuwa harajin gwamnati ce, kada ka ɓata lokaci a kanta.

Rubuta koke mai kwanan wata da adadi, ka tsaya sai an ba ka lambar koke, domin koken baki ɓacewa yake. Kwana 30 suka wuce shiru, kai takardun ofishin Babban Bankin Najeriya a Dutse ko Kano.