Yadda za ka gane ko atishawar nan na shirin gangarawa ƙirji

Da hunturu ya kama a Kaduna, hazo ya lulluɓe gari daga Kawo har Tudun Wada, sai ka ga mutum da hankici a hannu, atishawa goma a jere, ido jawur. Ya ce mura ce. Murar da babu zazzaɓi, ga ƙaiƙayin hanci da ido, kuma ba ta fashin shekara, alaji ce, wato jiki ne ba ya jituwa da wani abu da ake shaƙa. Abin da ke damuna shi ne hanci da huhu hanya ɗaya ce, kumburin da ya fara a sama yana iya sauka ya zama asma, wadda iyayenmu ke kira fuka. Ba kowa take kamawa ba, amma akwai alamomin da ke nuna wanda ya fi kusa da ita.

Fara da ƙirga kwanaki. Likitoci na ɗaukar matsalar a matsayin mai naci idan tana zuwa fiye da kwana 4 a mako har ta wuce mako 4 a jere. Mai irin wannan ya fi mai atishawar jefi-jefi shiga haɗari.

Sai ka tambayi gida. Mama ko Baba na da asma? Kana ƙarami ka yi fama da bushewar fata mai ƙaiƙayi a lanƙwasar hannu da bayan gwiwa? Tambayi Mama, ita ce ba ta mantawa.

Mataki na uku ya fi sauran nauyi, kuma shi aka fi sakaci da shi. Samu ɗan littafi ka ajiye kusa da shimfiɗa na mako biyu. Rubuta duk daren da busasshen tari ya tashe ka, musamman gab da asuba. Rubuta idan numfashi na fita da ƙara kamar usur, ko ƙirji ya ɗaure bayan ƙwallo, hawan bene, ko dariya mai ƙarfi. Mai ɗakinka ko wanda kuke kwana tare yakan ji abin da kai ba ka ji ba cikin barci, don haka a tambaye shi. Gefen kowace rana, sa abin da ka shaƙa: turaren wuta, maganin sauro mai hayaƙi, hayaƙin itace ko na janareta, ƙurar shara, tsohuwar katifa. Kyankyasai ma suna ciki. Idan asfirin ya taɓa sa numfashinka ya sarƙe, ja layi a ƙarƙashinsa.

Mai shan taba kuwa, ya ƙara wa kansa haɗari a kan haɗari.

Da littafin nan za ka je wurin likita, ba kyamis ba. A Kaduna akwai Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ga na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika, kusa da Zariya. Nemi gwajin hura iska. Za ka hura cikin na'ura, a ba ka salbutamol, maganin buɗe hanyoyin numfashi, ka shaƙa, bayan kamar minti 15 ka sake hurawa. Idan iskar da ka fitar a daƙiƙar farko ta ƙaru da kashi 12 cikin 100 da kuma mililita 200, hakan na nuna asma. Gwajin yana iya fita lafiya a ranar da ƙirji ya lafa, shi ya sa rubutunka ke da daraja.

Idan numfashi ya hana ka ƙarasa magana, ko leɓe ya sauya launi, ajiye littafin a tafi asibiti a daren.