Darasi na 9: Halittar da Ba Ta da Kai, Amma Tana Gane Hanya

A watan Agusta, idan marka ta kankama a Bauchi, ku juya ruɓaɓɓen kututture a gindin mangwaro ko a gefen juji. Mai sa'a zai tarar da wata aba mai yauƙi, ruwan ɗorawa, ta bazu da jijiyoyi a jikin itacen. Ba tsiro ba ce, ba dabba ba, kuma ba laimar kwaɗi ba. Ku kafa tsinke a daidai inda ta tsaya, ku dawo da safe. Za ku ga ta matsa gaba. Ƙwayoyin bakteriya da ke cikin ruɓaɓɓen itace take bi tana ci.

Nau'in da masana suka fi nazari a kai sunansa Fisarum. Ba shi da ƙwaƙwalwa, ba ido, ba baki. To yaya yake samo abinci? Yakan miƙa jijiyoyi ta kowane ɓangare, ruwan jikinsa yana kai da komo a cikinsu. Jijiyar da ta dace da abinci sai ruwa ya yawaita a cikinta, ta yi kauri. Wadda ba ta samu komai ba ta tsuke, ta ɓace. Haka 'yar hanyar rafi take: wadda ƙafa ta yawaita a kai ta fito fes, wadda aka daina bi ciyawa ta cinye ta.

A shekarar 2000 wani masani ɗan Japan, Toshiyuki Nakagaki, ya sa Fisarum cikin faranti mai lunguna, ya ajiye abinci a wurare biyu. Halittar ta janye daga lungunan da ba su ɓullewa, ta bar jijiya a kan hanya mafi gajarta. A 2010 shi da abokan aikinsa suka jera gutsattsarin hatsi 36 yadda garuruwa suke kewaye da Tokiyo. Inda dutse ko ruwa yake a taswira suka haska fitila, don halittar tana gudun haske. Cikin kwana ɗaya da 'yan awoyi ta haɗa wuraren da jijiyoyi masu kama da layukan jirgin ƙasan yankin, aikin da injiniyoyi suka shafe shekaru a kai. Wannan abin a tsaya a yi tunani ne, don babu wani sashe na jikinta da ya ga taswirar gaba ɗaya.

Akwai wani nau'in kuma na irin wannan halitta da ƙananan ƙwayoyinsa ke zaune ɗai-ɗai cikin ƙasa. Idan yunwa ta zo, sai su saki wani sinadari na kiran juna, har kusan 100,000 su dunƙule su yi tafiya tare. A ƙarshe wajen ɗaya cikin biyar sukan mutu su zama kara, sauran su hau samansa su zama iri.

Manomi, idan ka ga irin wannan yauƙi a kan ciyawa ko tarin taki, kada ka kashe kuɗinka a maganin feshi. Ba ya cin shuka. Ka kwashe da fartanya, ko ka bari rana ta busar da shi.

Aikin gida

Ƙananan tururuwa ma da irin wannan dabara suke aiki: kowace tana barin ƙanshi a ƙasa, na baya su bi inda ƙanshin ya fi ƙarfi. Ku zuba ɗan sukari a tsakar gida, ku jira layi ya kafu. Sai ku goge tsakiyar layin da jiƙaƙƙen tsumma mai sabulu, ku tsuguna ku kalla.

1. Me tururuwar suka yi da suka iso inda aka goge?
2. Me ke sa jijiyar Fisarum ta yi kauri?
3. Ku rubuta jimla uku a kan abin da kuka gani, ku kawo aji ranar darasi na gaba.