Kada a kwafi bayanan manhaja da memcpy a cikin direban na'ura

Jama'a, musamman ƙannenmu ɗalibai a Jidda masu rubuta direban Linux (shirin da ke haɗa na'ura da tsarin kwamfuta) don na'urar auna zafi: adireshin da manhaja ke miƙo wa read ko write ba na kernel (zuciyar tsarin Linux) ba ne, don haka memcpy, aikin kwafar bayanai na yau da kullum, bai dace da shi ba. Ku bi ta copy_to_user da copy_from_user.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne lambar da suke dawowa da ita, wato adadin bayit ɗin da ba a kwafa ba. Sifili ne nasara, in ba sifili ba ku mayar da -EFAULT, lambar kuskure mai nuna adireshi ba daidai ba ne. Kafin kwafa, ku daidaita count, wato adadin bayit da manhaja ta nema, da girman ma'ajiyarku. In bayit 4096 ce, kada count ya wuce haka.

copy_to_user da copy_from_user suna iya tsayawa jira idan shafin da ke ɗauke da bayanan manhajar ba ya cikin RAM, saboda haka kada ku kira su kuna riƙe da spinlock, makullin da ba a yarda mai riƙe da shi ya tsaya jira ba. Ku sa mutex, makullin da ya yarda da jira.